Yaya Ilu da Akwatin da Ba Ya Dariya

Duk wanda ya san yayana Ilu ɗan kama ya san ba ya fara wasa sai ya ƙirga bakunan da za su yi dariya. Cewa yake yi wasa babu 'yan kallo tuwo ne babu miya.

Wasansa ɗaya ne tal, na Malam Haramun, malamin da ya hana kiɗa, ya hana fito, ya hana dariya, alhali idonsa ɗaya na kan bazawara mai fura, ɗayan na kan rawanin mai gari. Wa ke yin bazawarar? Ni! Shekara ashirin ina ɗaura zani da gemuna, daga kasuwar Gagarawa har Sule Tankarkar. Na roƙe shi ya bar ni in yi mai garin ko sau ɗaya, ya ce, "Haba Audu, rangwaɗarka ce ke ci da mu."

Ran nan a Maigatari wani malami na gaske ya tsaya kanmu ya daka tsawa, "Haramun!" Yaya Ilu kuwa sai ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, a ƙara mana ɗaya. Taka ta fi tawa fita."

Amma abin da har yau ban huce a kansa ba shi ne na wani Bature da ya sauka a Gumel da akwati mai ƙafa uku, yana son ya ɗauki wasanmu. Tafinta ya ce akwatin yana kama motsin mutum, ko ya mutu a riƙa ganinsa. Na ce, "Yaya, mun tsufa, ba mu da magaji. Ka yarda, don Allah."

Aka kore jama'a gefe don kada su tare wa akwatin ido. Ina tsaye a rana da ƙwarya a ka, Yaya ya zagaya abin, ya dubi tafinta.

"Yana ji?"

"Ba ya ji."

"Yana dariya?"

"Haba, akwati ne fa!"

"To ai shi ne Malam Haramun na gaske. Audu, sauke furar."

Ya kwance rawani ya yi tafiyarsa. Wata guda ban yi masa magana ba.

Ga shi yau ya tafi da wasan duka. Zanin yana nan a adaka, babu mai ce mini in ɗaura. Wallahi da zai dawo, sai in ƙara masa wata shekara ashirin ban ce uffan ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya sa dariyar da ya ba mutane ta haskaka masa kabari. Amin.