Tabon da Ba Ya Fid da Gashi

Tana tsaye gabana a kantin magani, doguwar mace, ta ɗaure ɗankwali tamau har kan gira. Sai da ta waiga ta ga babu namiji sannan ta ɗaga gefensa. Rabin kanta tabon ƙuna ne, sumul, yana sheƙi.

Mai maganin ta duba, ta ce, "Yaya, saiwar gashi tun mutum yana cikin uwarsa take tsirowa a fata, sau ɗaya tak. Inda wuta ta cinye ta, babu man da zai dawo da ita."

"Ba ni dai," in ji matar. "Maigidan ne ya gaji da gani."

Yadda ta cije leɓe wajen ambatonsa ya sa nake zargin ya fi kowa sanin yadda aka yi ta ƙone.