Ranar da Na Yi wa Kurame Alƙalancin Ƙwallo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, kurma ne. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana yaro a unguwar Maamobi. Ya yi karatu a makarantar kurame, ya dawo yana koyar da yara irinsa da maganar hannu. Shi ya tara kuramen Nima da Maamobi ya kafa musu ƙungiyar ƙwallo, daga baya har ya shugabanci wasanninsu, ana aiko mota ta ɗauke shi zuwa taro. A gida kuwa, in Mama ta fara masa faɗa da hannu, ido kawai yake rufewa, faɗa ya mutu.

Wata Asabar 'yan wasansa za su kara da mahautan Nima, alƙali bai zo ba. Na ajiye trotro, motar hayar da nake tuƙawa, na zo kallo ke nan. Kawu ya nuna ni, ya nuna fili. Na ari usur na shiga ina taƙama.

Ba a jima ba wani kurma ya taɓa ƙwallo da hannu. Na busa. Mahauta suka tsaya cak. Kurame suka wuce abinsu, suka zura ƙwallo a raga, suna ta tsalle.

Shugaban mahauta ya taso mini. "Chale, abokina, ka busa ko ba ka busa ba?"

"Wallahi na busa."

"To wa ka busa wa?"

Kawu ya iso yana dariya har da riƙe ciki. Ya zare usur daga bakina, ya je wurin wata Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin fili, ya aro jan mayafinta ya danƙa mini. Na kaɗa mayafi, kurame suka tsaya. Mahauta, da idonsu ke ƙasa, suka wuce suka rama. Dole aka mayar mini da usur. Haka na yi ta gudu, baki na busa, hannu na kaɗawa, Hajiya na ihu daga gefe: "Ɗana, kar ka share gumi da shi!"

Da lokacin hutu ya yi, na so in nuna ni ma jinin Kawu ne. Na haɗa yatsu na kai baki, a zatona alamar a huta a sha ruwa ke nan. Ashe cewa na yi a zo a ci abinci. Kurame suka yi kan tukunyar Hajiya. Mahauta suka ga ba za a bar su a baya ba, su ma suka bi. Kawu da kansa ya karɓi ludayi yana rabawa, yana ƙara wa mai tsaron gidan ƙungiyarsa taliya.

Da tukunya ta ƙare, babu mai iya gudu. Aka zube a inuwa, mahauta na koyon yadda ake cewa "nama" da hannu. Ba a koma fili ba.

Kawu ya yi ritaya yanzu, amma duk Asabar yana bakin fili da kujerarsa. Ni dai bai sake nuna ni ba.