Man Kaɗen Kaka da Dugadugina

Ni dai tun da na yi wayo ba wanda ya taɓa shafa mini mai, ni nake shafa wa kaina. A gidanmu na Zuru, da zarar sanyi ya kama, Kaka, wato uwar babana, takan ajiye ƙoƙon man kaɗe kusa da murhu don ya yi laushi. Kowa ya fito wanka sai ya lakata ya shafa tun jikinsa da danshi. In ka tsaya ka bushe, sai ka ji ta: "Jiki ya riga ya sha iska, me man zai kama?" Ita ke haɗa man da hannunta, ni ke tsinto mata 'ya'yan kaɗe da damina. Shi ya sa nake ganin duk gidan ba mai Kaka sai ni.

Sai ga 'yar baffana ta zo mana Kirsimeti. Ubanta soja ne, a bariki a Legas aka haife ta, kuma sa'ata ce. Ta sauka daga babur da jaka mai taya, ta fito da wata doguwar kwalba wadda ake danna kanta, mai ya fito fari tas, yana ƙamshin alewa. Ta shinshina ƙoƙonmu ta yamutsa fuska, wai, "Wannan warin fa?" Na ji haushi, amma kwalbar nan ta tsaya mini a rai.

Sanyin Zuru bai san 'yar soja ba. Ita kuma ta taimaka masa. Ruwan wankanta sai ya tafasa, ta daɗe tana dirzar jiki da sabulu mai ƙamshi, ta goge da tawul ƙarau, ta zauna danne-dannen waya, sannan ta tuna da kwalba. Man ma ruwa-ruwa ne, kafin ta kai ƙofar gida iska ta shanye shi. Ba a jima ba ƙaurinta ya yi fari kamar an barbaɗa toka, leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dugaduganta har da jini. Ta koma tafiya a kan yatsu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Daɗin bai je ko'ina ba. Wata safiya na dawo daga rijiya, na tarar da Kaka a tsakar gida inda rana ke fara sauka, ga kwanon ruwa mai ɗumi, ga ƙafar yarinyar nan a kan cinyarta. A kan zanen Kaka fa! Ta jiƙa ƙafar, ta goge kaushin da dutse a hankali, ta narka man kaɗe a cokali tana ɗiga shi cikin fason, tana murzawa da babban yatsa. Ta sa mata tsohuwar safar soja ta ubanta. Har waƙa take yi mata da yarenmu, yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya da shi ba. Kullum safiya haka. Ni da na sha cizon tururuwa a gindin kaɗe, ina tsaye da bokiti a ka, kishi kamar ya kashe ni.

Na ce to, in faso ne kuɗin shiga, ni ma ina da dugadugi. Na daina taɓa ƙoƙo. Na riƙa zuwa rijiya ba takalmi, in jiƙa ƙafa da gangan in bar iska ta busar. Fatar tawa kuwa mai taurin kai, ta ƙi tsagewa da wuri. Da ƙyar dai na samu faso ɗaya a ƙafar hagu, mai zafi na gaske. Na zo ina ɗingishi, na ja kujera gaban Kaka, na miƙa mata.

Ta kama ƙafar da yatsu biyu, ta juya, ta saki.

"Ke da kika san hanyar ƙoƙo? Ga ruwa can, ga dutse. Ki jiƙa, ki goge, ki ɗiga. In kin gama ki zo ki kama mini ɗayar ƙafar 'yar'uwarki, hannuna ya gaji."

Haba Kaka! Haka na zauna ina murza ƙafar 'yar Legas a kan cinyata, tawa tana zugi a ƙasa. Bayan sabuwar shekara ta tafi da dugadugi sumul da gwangwani cike da man da na tsinto 'ya'yansa. Ta bar mini kwalbar, saura kaɗan a gindi. Ko sau ɗaya ban danna ta ba.

Kaka ta rasu yanzu. 'Yar baffan tawa tana aure a Kaduna, kuma duk sanyi sai ta kira ni in aika mata man kaɗe irin na gida. Ina aikawa. Bana da ta kira, muna cikin hira sai ta ce, "Kin tuna hannun Kaka? Ga kaushi, amma in tana murza miki ƙafa sai barci ya ɗauke ki."

Na ce mata ban sani ba.