Direban da ke wanke bel

A tasha ana ce masa Sai-ka-ɗaura, domin ba ya jan tasi sai fasinjan gaba ya ɗaura bel. Tun yana sabon direba ya gane ba taurin kai kaɗai ke hana mutane ba. Bel ɗin tasi dauɗa gare shi, mai farar riga kan sauka da baƙin layi a ƙirji. Shi ya sa kullum da safe yake zaro nasa, ya dirje da sabulu da tsohon buroshi. Abokan aiki su yi ta yi masa tsiya, wai saura turare.

Ran nan yayansa ya shiga gaba, riga ta sha guga, ya ce, "Mu je, ba nisa."

"Yaya, bel."

"Zai yamutsa mini riga. Ni da na koya maka tuƙi?"

Sai-ka-ɗaura ya kashe mota, ya jefa mukulli aljihu.

"Na iya guga, Yaya. Abin da ban iya ba shi ne tsayawa gaban 'ya'yanka in yi musu bayani."

Yayan ya harare shi, ya yi tsaki, ya jawo bel.