Gwaggon Kaji da Ta Yage Mini Leda

Kafin a buɗe shagon farko a layinmu, Gwaggon Kaji ta riga ta ɗora ruwa a wuta. Ba na shayi ba ne, na kajinta ne. Idan sanyi ya shigo ba ta ba su ruwan da ya kwana a waje, sai ta sirka shi ta tsoma gwiwar hannu, kamar mai shirin yi wa jariri wanka. Daga nan ta buɗe akurki ta tsaya tana kallon yadda kowace ke fitowa. Wadda ta fito a ƙarshe ita za ta ɗauka ta duba mata ido da ƙafa. Sannan ta kwashe ƙwai a wani kwano da ya girmi rabin matan auren layin. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan a bayan gidanta, a filin da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Sunan ma yara ne suka laƙaba mata don tsokana, ta amsa, ya bi ta.

Kowa a layin yana da labarinta. Tela zai gaya maka lokacin da matarsa ta haihu jini ya yi mata ƙaranci, kullum da safe sai sun tarar da ƙwai biyu a kan taga, har ta miƙe. Mai gyaran keke kuma har gobe yana rantsuwa cewa zakaransa da kare ya yaga wa ƙirji, da zare da allura ta ɗinke shi, ya ƙara shekara biyu yana hana mutane barcin safe.

Nawa labarin ya fi nasu kunya, shi ya sa na daɗe ban ba da shi ba.

Shekarar da aka rufe masana'antar da nake aiki, na kwashe duk abin da aka sallame ni da shi na sayi kaji talatin masu ƙwai. Ba ni da wata madogara bayansu, ga yara huɗu. Matata ta ce in je in gaishe da Gwaggo in nemi shawara. Na ce ni da na yi karatu, ga kuma waya a hannuna, me tsohuwa za ta koya mini?

Sai sanyi ya sauko da ƙarfinsa. Tausayin kajin ya kama ni, na sayo leda mai kauri na naɗe akurkin tun daga ƙasa har rufi, na bi kowace kafa na cusa tsumma, na kuma riƙa sa musu garwashi a kasko. Ni a ganina gata na yi musu. Cikin mako guda suka fara minshari, idanu suka kumbura, ƙwai ya ɗauke. Huɗu suka mutu. Na ce lallai sanyi na samun hanya, na ƙara leda. Bakwai suka bi su. Na daina iya haɗa ido da matata, ita kuwa ta saka mayafi ta fita.

Tare suka dawo da Gwaggo, tsohuwar na riƙe da wuƙar yanka albasa. Ta leƙa akurkin sau ɗaya ta juyo.

"Ɗan nan, shiga ka durƙusa. Sauke kanka daidai inda nasu yake."

Na shiga ina gunaguni. Wandona ya jiƙe a gwiwa nan take, wani wari ya buge ni, idanuna suka fara zubar da ruwa. Ledar kuwa sai ɗiga take yi ta ciki kamar murfin tukunya.

"Ko minti ɗaya ba ka yi ba kana hawaye," in ji ta. "Su kwana nawa suka yi a ciki?"

Ta taka bulo, ta bi ƙarƙashin rufin da wuƙa ta yanke ledar faɗin tafin hannu, ta zagaye akurkin kaf. Na ce, "Haba Gwaggo, ledar nan fa sabuwa ce!"

"Kajin ma sababbi ne," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Kaza da rigar sanyinta ta zo duniya. Abin da ba ta so shi ne iska ta kaɗa ta a jiki, ko ƙasa ta jiƙe. Toshe ƙasa, ka bar sama a buɗe numfashinsu ya fita. Wannan kaskon kuma mayar wa matarka."

Ta sa muka kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako muka zuba busasshiya daga buhunta. Kaji shida da suka fi jin jiki ta zuba su a kwali ta tafi da su kicin ɗinta. Kwana tara tana zuwa kowace safiya, da ƙafarta mai ciwo. Ba a sake asarar ko ɗaya ba. Da ƙwan sha taran da suka rage muka ci muka sha har na samu wani aikin.

Gwaggo, ke ce likitar da ba ta da allo a ƙofa. Ke ce kika ga ƙato da gemunsa yana kashe abincin 'ya'yansa da hannunsa, ba ki yi masa dariya a layi ba, ba ki kuma kai labarin gidan kowa ba. Da ba ni na faɗa yau ba, da babu mai ji.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi, 'yarta za ta ɗauke ta ƙarshen watan nan zuwa gidan bene, inda ko ɗan tsako ba a ajiyewa. Ta rarraba kajinta ga maƙwabta, kowa da jawabin halin wadda aka ba shi. Mu da muka rage, wanda ya iya wani abu ya daure ya taka zuwa gidan wanda bai iya ba, ko da mai gidan zai haɗe rai kamar yadda na haɗe.

Shekara shida ke nan, Gwaggo. Na kai miki kaza, na gyara miki ƙofa, amma girman kai bai taɓa barina na buɗe baki na ce ni ne na yi kuskure ba. To ni ne. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ƙafar nan sauƙi. Matata ta ce ita za ta karanta miki wannan, ni kuma na ce a'a. Da kaina zan zo, kafin motar ta iso.