Mai Kallon Iska a Ƙofar Mata

Tun da jirgi ya faɗi bara, Maharazu, wanda bai daɗe da gama kwaleji ba, ba ya jure ƙarar jirgi. Yau yana marinar Ƙofar Mata, ga wani ƙaramin jirgi yana ta kewaya, bai sauka ba.

Kusa da shi wani siririn mutum ne cikin kakin filin jirgi. Ƙila shi ke raba wa jirage hanyar sauka, yau yana hutu. Ba sama yake kallo ba, zannuwan da aka shanya yake kallo, yana cizon leɓe.

Mutumin ya ce, kamar masu hasumiyar filin jirgi suna jin sa, "Iska ta juya. Ku ba shi hanyar gabas mana!"

Maharazu ya ce, "Malam, zai sauka kuwa?"

Sai da jirgin ya karkata gabas, ƙararsa ta lafa, sannan mutumin ya saki hannun Maharazu, hannun da bai ma san ya damƙe ba.