Rijiyoyi Tara, Huɗu Na Riƙe

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labari ya faru ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, a shekarun farko bayan sojoji sun miƙa mulki, kuma ban rubuta komai a lokacin ba. Mai yiwuwa na haɗa maraice biyu na mai da su ɗaya. Mai yiwuwa kuma na sa wa kakata kalmomin da ba su kai nata daɗi ba.

Gidanmu a Agege na haya ne, ɗakuna suna kallon juna. Babana yana harkar fata a mayankar Oko-Oba, kullum yakan dawo da ganda a buhu. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, maƙwabtanmu Yarabawa kuma suke kira Alaja, ita ke babbake ta a bayan gida bayan Magariba. Sai mu yaran gidan mu kewaye wutar, hayaƙi na shiga mana ido, tana kankara da guntuwar wuƙa tana ba mu tatsuniya. A Legas aka haife ta, ba ta taɓa wuce Ilori ba, amma in ta fara maganar Arewa sai ka rantse jiya ta sauko daga mota. Har yau in na ji ƙaurin fata a hanya, ƙafata takan tsaya kafin in ankara.

Akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi da "ga ta nan". Takan goge wuƙar a zaninta ta ce, "Wannan ba na Gizo ba ne, ku gyara zama."

Labarin wani sarki ne na can da, tun kafin bindiga, wanda ba a san shi da wani suna ba sai Toshe-Rijiya. Mutanen wani birni sun addabi ƙasarsa da hari, suna ƙone rumbuna suna kwashe shanu. Ya yi musu ƙawanya har bazara ta yi tsanani. Suka ce za su buɗe ƙofa in ya rantse ƙarfe ba zai taɓa kowa ba. Ya rantse, kuma bai karya ba. Sai ya sa aka cike rijiyoyin birnin guda tara da duwatsu da ƙasa, ya juya da rundunarsa, alhali ruwa mafi kusa tafiyar kwana huɗu ne. Masu ƙarfi suka bi ƙurar rundunar suka zama bayi. Tsofaffi da jarirai ba su iya ba. Daga nan, in ji Iya, hari ya ƙare, har mace takan ɗauki ƙwarya ta ratsa daji ita kaɗai. Cikin matan da suka bi ƙurar akwai wadda muka fito daga tsatsonta, kuma sarkin ne uban ɗanta.

A ƙarshe sai ta rera kirarinsa, baiti tara, kowanne da sunan rijiya, mu kuma muna amsa "Toshe, na gaba!" A zuriyarmu wannan kirari ba abin wasa ba ne. Ranar suna, babbar mace a gida takan rungumi jariri ta ɗiga masa ruwa tara a baki, kowane ɗigo da baitinsa. Mata ke riƙe da shi, maza ba su koya.

A wannan lokacin ne manya suke taruwa a ɗakin maƙwabcinmu mai talabijin suna kallon mutane na ba da shaida gaban wani kwamiti kan abin da aka yi musu zamanin soja. Na leƙa ta taga wata rana na ga wata mata tana kuka, tana faɗin sunan mijinta tana maimaitawa. Abin ya tsaya mini a rai.

Da maraicen, ko washegari, Iya ta miƙo mini sabon littafin rubutu da ta sa aka sayo mata a Iyana Ipaja.

"Angona, tunda 'yan matan gidan nan kansu na wajen fim, kai mai boko za ka rubuta mini kirarin nan. Kada in mutu da shi a ciki kamar tuwon jiya."

Na ce, "Iya, mutumin nan fa mugu ne. Da yanzu ne, gaban kwamiti za a kai shi."

Ta yi dariya har da tari. "Jama'a ku zo ku ga alƙali da gajeren wando! To wa zai kamo maka shi, ɗan okada a kan babur ɗinsa?"

"Ya kashe jarirai da ƙishirwa. Ni ba zan yi wa azzalumi kirari ba."

"Kai da ka sha ruwansa tara ranar sunanka, har kana lasar baki?"

"Ai ban sani ba a lokacin."

Yara suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Na taɓa ce maka mutumin kirki ne?" Ni kuwa na ɗauka na ci gardama. Na ajiye littafin a kan turmi. Ta ɗauke shi ta ce, "Shi ke nan, maigida. Ba a yi wa alƙali dole." Ta koma kankarar ganda, ta ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi.

Ba ta ƙara ba da labarin sarkin ba, aƙalla ba a gabana ba. Ban roƙe ta ba, ina ganin kamar akwai lokaci. Ta rasu da daminar shekarar da ta biyo baya, ba a kuma yi haihuwa a gidan tsakanin nan ba.

Daga baya na karanta tarihi a jami'a. Wani malaminmu yakan ce kuskure ne a auna mutumin da da mudun yau, domin kowane sarki na zamanin haka yake yaƙi, wanda ya yi sanyi kuma a cinye ƙasarsa. Wani kuma yakan ce zalunci ba ya tsufa. Na rubuta wa kowannensu abin da yake so na ci jarrabawa, kuma har yanzu ban iya tsayawa gefe guda ba tare da na waiwaya ba. Ban ma da tabbacin sarkin ya taɓa rayuwa.

Abin da nake zato, zato ne kawai, shi ne hukuncin da na ɗauka ni na fara yanke shi, an riga ni tun da daɗewa. Waɗanda suka bi ƙurar nan ba su jira zamaninmu ba kafin su san abin da aka yi musu. An sa su yi yabo, suka yi, amma suka jera sunayen rijiyoyinsu a ciki, suka kuma sa kowane jariri ya fara rayuwa da ruwan da aka hana nasu. Na tuna Iya ba ta taɓa cewa "Allah ya jiƙansa" ba, ita da take faɗa wa ko ɓarawon da aka kama aka kashe a tasha. Ban ce na yi kuskure da na kira shi azzalumi ba. Kuskurena shi ne da na ƙi rubuta sunansa, sunayensu na bari suka salwanta.

Huɗu na riƙe: Rijiyar Maƙera, Rijiyar Marina, Mai Zaƙi, da 'Yar Makauniya. Ko jerin ban tabbatar ba.

Matata na da ciki, watan gobe muke sa rai. Babana bai san kirarin ba, yayata Rakiya muryar waƙar kawai ta riƙe, kuma ita ce yanzu babbar mace a gidanmu. Don haka nake roƙo. Duk wanda ya zauna bakin wutar nan, ko ɗan gida ko ɗan maƙwabta, in ya ga na kauce a wani wuri ya gyara mini, ba zan ji haushi ba. In kuma akwai wanda ya riƙe ko da suna ɗaya cikin biyar ɗin, don Allah ya aiko ta hannun duk wanda ya san gidanmu, kafin ranar suna. In ba a samu ba, Rakiya za ta ɗiga tara ɗin duka, biyar a cikin shiru.